Kakakin Mala'iku a Ranar Malanville

Ku zauna tukuna. Ba bisa tukunyar ga ba, kai mai jar riga, kujera ka gani? Ku jawo benci. Na san abin da ya kawo ku. Ranar kasuwa kun ga mota ta tsaya ƙofar lambuna, an saka tukwane biyu, an miƙo mini kuɗi, sai kunka ce a ranku tsohon ga banza yake ci, icce ne kawai yake zuba ma ruwa. Har ɗayanku ya buɗe baki ya ce mini, "Baba Salihu, ka ba mu reshe guda-guda mu ma mu soma." Reshe guda-guda! Sai ka ce ƙosai ake rabo. To ku saurara, in na gama kuna son reshen, mu sake magana.

Iccen ga, sunan da Turawa sunka ba shi in an juya shi da Hausa, kakakin mala'iku ke nan. Kun dai ga hurenshi, ya hi taƙi tsawo, yana rataye kai ƙasa kamar an kihe algaita. Da rana ba ya cewa komi. Da magariba ta yi sai ya saki ƙamshi har bakin hanya. Asalinshi ƙasar duwatsu ce mai sanyi da raɓa. Ni kuwa na ɗauko shi na kawo garin da a watan huɗu na nasara ko jaki ba ya tsayawa hili da azahar. Duk sana'ar tawa ke nan: in ɓoye icce ga rana, shekara da shekaru, kar ta gane inda yake.

Aikin farko da maigidana ya ba ni, tonon gawa ne. Shekarar da gulbi ya cinye muna shinkafa a Garu, ina da shekara ashirin da huɗu da mata guda, na gangara Natitingu neman aiki. Na samu a lambun wani masaukin baƙi, ƙarƙashin wani tsoho da ake ce ma Baba Kwagu. Ba ya jin Hausa, Dandancinshi ma a karkace yake, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗan gulbi". Ya kai ni gindin wani kakaki da ya bushe, ya miƙo mini hauya. Na tone, na jehar, na dawo ina jiran wani aikin. Ya ce in koma in ɗauko. Ya kama saiwar ya kai mini ita hanci.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Wari, Baba."

"Warin mi?"

"Kamar albasa da ta ruɓe."

Ya ce, "To ba ƙishirwa ta kashe shi ba. Wanda ka maye gurbinshi ne ya kashe shi da ruwa. Na kore shi. Kai ma in ka kashe, ka bi shi."

Wata shida bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Ɗaukar ruwa, tankaɗen ƙasa, juya takin tumaki har ya huce ya daina turiri. Kowace sahiya sai in bi tukwane ɗaya bayan ɗaya in tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in faɗa mishi wadda ke son ruwa da wadda ba ta so. In na yi kure, ba ya faɗa, sai ya tura nashi yatsan ya shafa mini laka a goshi, in wuni da ita gaban baƙi.

Ranar da ya ba ni wuƙa ban manta ta ba. Yankan reshe ne na dashe. Ya nuna mini inda iccen ke yin gwafa, ya rabu biyu. Reshen da ka yanko sama da gwafa, shi ke saurin hure. Na ƙasa da ita sai ya ɓata shekara yana tsawo yana ganye kamar ba abin da anka aike shi. Na yanka goma sha biyu, zuha ta zubo mini, na sa bayan hannu na share ido. Kahin la'asar idona na dama ya daina ganin kusa. Baƙin cikinshi ya buɗe kamar na kyanwa, hasken rana kuwa kamar ana soka mini allura. Na ruga wurin Baba Kwagu ina salati. Ya ɗaga mini haɓa ya duba, ya yi dariya har yana tari.

"Ya gaishe ka ke nan, ɗan gulbi. Ruwanshi kawai ka shafa. Wanda ya ci shi, uwarshi ma ba ya ganewa."

Kwana uku ina yawo da tsumma a ido. Tun ranar ban sake yankan kakaki ba sai da bokitin ruwa da sabulu a gehena. Kun gan su can gindin mangwaro, ba ado ba ne.

Shekara biyar na yi wurinshi. Da zan dawo gida ya ba ni reshe bakwai, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Garinku wuta ne. Za su mutu. Amma tahi ka gani da idonka." Na riƙe buhun bisa cinyata tun daga can har Malanville, kowane zango in sauka in jiƙa shi, direba yana tsaki.

Biyar sunka mutu bazarar farko, kuma ni na kashe su. Na dasa su cikin baƙar leda irin wadda ake renon mangwaro, don ita na saba gani. Wata rana da azahar na tura yatsa cikin ƙasar, sai da na janye shi. Ta dahu. Ganye na cikin inuwa, amma saiwa na cikin tukunyar tuwo. Wanga ne abin da ba wanda ya koya mini a Natitingu, don can ba su san shi ba: a garin ga ba daga sama zahi ke kashe kakaki ba, daga ƙasa yake kamo shi.

Wata maginiyar tukwane a Garu, Inna Zalika, ita ta cece ni. Na je sayen randa, na tsaya ina faɗa mata damuwata. Ta ce, "Kai da ka yi shekara biyar wurin masu ilimi, ba ka san abin da ke sa ruwan randa sanyi ba? Zuha take yi." Ta gina mini tukwane iri biyu, babba da ƙarama, ba ta goge musu jiki ba don su yi numfashi, ta huda ƙaramar a gindi. In saka ƙaramar cikin babbar, in cika tsakani da yashin gulbi, in jiƙa yashin sahe da marece. Bisa ƙasar kuma in shimfiɗa ɓuntun shinkafa, kaurin yatsa uku. Biyun da sunka rage sunka rayu. Guda na dasa ƙasa, gindin wani tsohon mangwaro a hilin da nike haya cikin gari, wajen gabas, inda hantsi kawai ke taɓa ta. Ita ce uwar duk abin da na sayar daga baya.

Ban-ruwa da kuke rainawa, bari in faɗa muku yadda yake. Da asuba, daga masallaci sai rijiya. Ba a ba kakaki ruwan da ya wuni cikin tano, wato ganga, a rana, wanga ruwan wanka ne. Arozuwar biyu nike ɗauka, butocin nan na ban-ruwa, guda kowane hannu, kuma ba ganye nike nema ba, gindi. Ƙarhe goma in ja zana in tare yamma. Da azahar duk za su sunkuya, ganye ya yi laushi kamar kunnen akuya. Nan ne marar sani ke rugawa da bokiti. Ka tura yatsa tukuna! In ƙasa na da danshi, ba ƙishi yake ji ba, rana yake ma ladabi, da la'asar zai miƙe da kanshi. Abin da ake jiƙawa lokacin shi ne zana da ƙasan wurin, iska ta bi ta ciki ta yi sanyi. Kuma in ya ɗauko ƙunshin hure cikin bazara, tsinke shi nike da hannuna. Ba ya iya riƙe shi, zai zubar, ya ɓata ƙarhinshi a banza. Wata huɗu ba abin da nike nema gare shi sai numfashi. Hure sai ƙarshen damina zuwa lokacin ɗari. Wata nawa ke nan kake bauta ma icce da ba mai tsayawa ya kalle shi?

Sannan ga jan ƙwaro. Ƙanƙane ne, ba ka ganinshi sai ka juya ganye ka ƙura ido, ka ga saƙa siririya kamar ta gizo. Zahi da bushewa su ne abincinshi. Ganyen dogon yaro nike dakawa in jiƙa kwana guda, in sa ɗan sabulun salo, in bi bayan ganye da tsumma, guda-guda. Tukunya hamsin, kowace ganye talatin. Ku lissafa da kanku, ku da kunka yi karatun boko a lakol.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su in kun shiga. Akwai matar wani babban duwan, wato kwastan, da anka kawo aiki nan daga kudu. Ta sayi biyu mahiya kyau. Na ce, "Madam, inuwa. Hantsi kawai. Kar ki aje su bisa siminti." Ta ce ta ji, a gidansu ma akwai irinshi. Kwana tara sai ga ta da direba, an sauke mini tukwane biyu da sanduna a tsaye.

"Ka sayar mini da marar lahiya!"

Na bi ta gidan don in gani. Bisa dakalin siminti ta jera su, suna kallon yamma, bayansu farin bango yana maido musu da rana, don masu wucewa su gani. Na ce, "Madam, ki cire takalmi ki tsaya nan minti biyar." Ta ce ni ba ni da kunya. Na ce, "Shi ma ba shi da takalmi." Ba ta sake saye wurina ba, ni ma ban yi kuka ba.

Yanzu mu zo ga muguwar shekara. Wasunku an haihe su, amma ba ku da wayo.

Damina ta yi jinkiri, zahi ya zarce har watan shida. Rijiyata ta ja baya, ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa don icce, matata tana kallona. Jan ƙwaro ya ci mini goma sha. Amma sauran na riƙe su, tukunya arba'in da wani abu, har ruwa ya sauka, sunka murmure, sunka yi hure irin wanda ban taɓa gani ba. Na ce to, bana an huce.

Ashe wani ya faɗa ma samarin unguwa cewa iccen Baba Salihu zaƙami ne na Turawa, ya hi na juji ƙarhi. Ranar Jumma'a, ina masallaci tare da ubanninsu, su uku sunka ɗaga zana sunka shiga, sunka tsinki hure sunka tahi sunka dafa cikin shayi. Biyu sunka ɗanɗana sunka zubar. Na ukun, Mutari, ɗan Alhaji Isuhu mai sayar da shinkafa, shi ne jarumi, ya shanye.

Na gan shi a likita da idona, don da na ji na tahi. Saurayi ɗan shekara sha tara, an ɗaure mishi hannuwa ga gado. Jikinshi zahi kamar kasko, bakinshi a bushe, baƙin idonshi a buɗe, yana tsintar abin da babu cikin iska. Uwarshi tana kiran sunanshi yana kallonta kamar bango. Na faɗa ma likitan sunan iccen da faransanci, na ce huren ne sunka dafa. Ya ce, "Madalla da ka zo, su sun ƙi faɗin abin da ya sha." Wanga ba wanda ya tuna shi daga baya.

Washegari da hantsi ina goge ganye sai na ji hayaniya. Alhaji Isuhu ne a gaba, bayanshi mutum kamar talatin, wasu da adda, sai mai unguwa, sai jandarma biyu bisa moto.

Alhaji ya ce, "Ga shi nan! Maye! Dahi yake nomawa cikin unguwa yana haukata ɗiyan mutane!"

Na ce, "Alhaji, Allah ya ba Mutari lahiya. Amma ni na kai mishi, ko shi ya ɗaga zanata?"

"Ka ji ko? Ɗana na kwance, yana ce mishi ɓarawo!"

Babban jandarman ya zagaya lambun, ya duba, ya ce shi bai san dokar da ta hana dasa hure ba. Ya jawo ni gehe ya ce, "Tsoho, mu biyu ne, su talatin. Ka yi abin da zai kwantar da unguwa." Mai unguwa kuma ya ce, "Malam Salihu, ka yi haƙuri, a sare su. Rai ya hi icce."

Wa ya ce icce ya hi rai? Amma ku tahi bayan tasha yanzu, ku dubi juji. Zaƙami na nan ya kai ƙugu, ba mai shi, ba zana, ba ƙofa, akuya ma ta san ta kauce mishi. Tun kakanninmu yake nan. Ranar ba wanda ya ɗauki adda ya nuhi juji. Ba wanda ya tambayi yaran wa ya aike su. Nawa da nike goge ma ganye da tsumma, shi ne maye.

Na ce, "In dai sarewa ce, ba wanda zai taɓa mini su. Ni zan sare." Na ɗauki wuƙata na bi su ɗaya bayan ɗaya, taƙi guda sama da ƙasa, hure na zuba bisa ƙafafuna. Ban kai rabi ba, mutanen Alhaji sunka gaji da jira. Sunka shiga fasa tukwane, tukwanen Inna Zalika da ta riga ta rasu, babu mai gina irinsu. Uwar kuwa, wadda ke gindin mangwaro, ta hi ni tsawo, shekararta goma sha shida, sunka sare ta sunka tone gindin sunka tuttula baƙin mai cikin ramin. Ina tsaye da wuƙa a hannu. Na aje ta ƙasa, don kar shaiɗan ya ba ni shawara.

Abu guda zan faɗa muku wanda ban taɓa musantawa ba. Zana ba katanga ba ce. Na san abin da iccen ga ke yi tun ranar da ya buɗe mini ido, kuma na bar shi bayan zana cikin unguwa mai cike da yara. Wanga laihi nawa ne. Sauran ba nawa ba ne, kuma har gobe ban karɓe shi ba.

Mutari ya tashi bayan kwana uku, bai san abin da anka yi ba. Ni kuma na koma dako a kasuwar albasa, ina da shekara arba'in da biyar, ina ɗaukar buhu tare da sa'o'in ɗiyana. In na wuce, yara na ce, "Ga mai haukata mutane." Tukwane tara ne ba su fashe ba, waɗanda na sare da hannuna. Na ci gaba da ba kututturan ruwa da asuba. Huɗu sunka toho. Ban ɓoye ba. Na je na faɗa ma mai unguwa, na ce zan hitar da su daga gari. Wana ya ba ni wanga hilin bakin hanyar Garu, na yi shekara biyu ina buga tubali da hannuna har katangar ga ta hi mutum, na sa ƙofar ƙarhe da kwaɗo. Duk kakakin da kuke gani nan jikokin huɗun nan ne.

Tun daga nan na kafa ƙa'ida. Ba ni sayarwa sai na je na ga gidan. Ina inuwa, ina yamma, wa zai ba shi ruwa, su wa ke wasa a tsakar gida. Mutane sun ce girman kai ne. Su ce.

Shekara uku da sunka wuce, wata mota ta tsaya nan, direba ya ce maigidanshi ya ji ƙamshin wani hure gidan wani babban mutum a Gaya, an ce daga wurina ya hito, yana son tukunya huɗu don sabon gidanshi. Na ce wane ne maigidan? Ya ce Alhaji Isuhu.

Na sa hula na shiga motar. Gida ne babba a hanyar Gene, siminti tun daga ƙofa har bango, babu ko ciyawa. Jikoki biyu na rarrafe, na uku na tsintar abu ƙasa yana kaiwa baki. Alhaji ya hito, ya tsufa, yana dogara sanda. Munka gaisa kamar ba komi. Na zagaya gidan na dawo.

Na ce, "Alhaji, ba ni sayar maka."

Ya dube ni. Can ya ce, "Malam Salihu, har yanzu hushi kake?"

Na ce, "Hushi na nan, ba ni yi maka ƙarya. Amma ba shi ya hana ba. Kakaki ne, wanda ka sani. Ga ɗiyan Mutari na cin ƙasa, kuma gidanka ba inda kaza za ta laɓe. In na ba ka, ko iccen ya mutu, ko mu koma likita."

Ya dubi yaran ya daɗe. Ya ce, "Ban san shi ne ba. Wallahi ranar ban ko kalli huren ba."

Na ce, "Na sani."

"To yanzu mi za a yi?"

Na nuna mishi kusurwar gabas da ƙafata. Na ce, "A fasa simintin nan, a dasa mangwaro. Ranar da ya yi inuwa, yaran ga sun yi wayo. In muna da rai, ka aiko."

Na zaci magana ta mutu nan. Bayan sati sai ga direban ya dawo, ba kakaki yake nema ba, ɗan mangwaro. Na zaɓa mishi mai kyau, na je na dasa da hannuna. Watan jiya na bi ta wurin na leƙa. Ya kai mini kafaɗa, kuma Alhaji da kanshi na iske gindinshi, ya aje sanda, ya tura yatsa cikin ƙasa.